Juma'ar 'Yan Badujala a Ƙauyukan Ingila

A arewacin Ingila, gabas da birnin Manchester, akwai wani yanki mai tuddai da kwaruruka da ake kira Saddleworth. Ƙauyuka ne ƙanana a warwatse, gidajensu na dutse, duwatsun sun yi baƙi ƙirin saboda hayaƙin masaƙun da suka yi zamani a wurin. A sauran ranaku ba abin da za ka gani sai tumaki a kan tudu da tsofaffi masu yawo da karnuka. Amma akwai wata Juma'a guda a shekara da ƙauyukan ke cika maƙil, a tare hanyoyi, manyan motocin bas su yi ta kai da kawowa daga wajen ƙarfe huɗu na yamma har kusan sha ɗaya na dare. 'Yan badujala ne a cikin motocin, ƙungiya fiye da ɗari, kowace da ƙahoninta na tagulla. Suna kiran ranar Whit Friday. Ita ce Juma'ar da ke bin bikin Fentikos na Kirista, don haka takan faɗo tsakanin tsakiyar Mayu da tsakiyar Yuni. Tun 1884 ake gasar busa a wannan rana a garin Uppermill.

Ni mutumin Ƙofar Ran ne a Bauchi, a nan aka yanke mini cibiya, ba nisa da kabarin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa. Badujalar da na tashi na sani ta 'yan sanda ce da ta soja, sai ta 'yan makaranta idan za a yi fareti ranar 27 ga Mayu ko 1 ga Oktoba, sai kuma ta samarin coci da mukan ci karo da su wajen Yalwa. A wurina abu ne na hukuma ko na ƙuruciya. Ban taɓa kawo wa raina cewa magidanci mai aikin yi da iyali zai ɗauki ƙaho ya tafi busa ba tare da wani ya biya shi ba.

Ɗan yayata, wanda ke aikin jinya a Ingila, shi ya ja ni. Mun fito daga masallacin Juma'a a Oldham ya ce, "Kawu, yau zan kai ka ka ga abin da ba a ba da labarinsa a gida. Amma ka ɗauki rigar sanyi."

Na ce, "Da wannan ranar da ake ƙwallawa?"

Ya ce, "Nan Ingila ce, Kawu. Ka dai ɗauka."

Muka nufi wani ƙauye da ake kira Delph. Titi ɗaya ne babba ya ratsa shi, ya gangaro ya haye wata 'yar gada. Jama'a sun yi layi gefe da gefe, wasu a kan katanga, wasu sun leƙo ta tagogin bene. Da bas ta tsaya a bakin gari, kafin ma ta gama tsayawa, sai ka ga wani ya diro ya sheƙa da gudu riƙe da takarda. Shi ne ɗan aiken ƙungiyar, zai je ya rubuta sunansu ya kama musu layi, domin a nan wanda ya riga zuwa shi ke riga busa. Sauran su sauko, su gyara kwat, su jera sahu. Wani yaro ya shige gaba ɗauke da allo mai sunan ƙungiyar. A doka babbar ganga, su taho cikin gari suna busa kiɗan fareti, jama'a na tafi. Wannan gaisuwa ce kawai ga mutanen gari. Ainihin gasar tana can wani ɗan fili a bayan gidaje.

A filin suke tsayawa su yi da'ira, madugunsu a tsakiya. A gefe guda kuma an ajiye wani ɗan ɗaki mai taya irin wanda mota ke ja, an rufe tagoginsa ruf da labule. Na tambayi ɗan nawa ko na masu ba da agajin gaggawa ne. Ya yi dariya ya ce alƙalin gasa ne a ciki.

Wannan shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai a duk tafiyar. Mutumin nan yana shiga ɗakin tun kafin a fara, kuma ba zai ga fuskar mai busa ko ɗaya ba har a tashi. Ba a faɗa masa sunan ƙungiya, lamba kawai yake sani. In ya shirya ya hura usur daga ciki, su fara. In sun gama ya rubuta maki da 'yan bayanai: nan kun yi sauri, nan wani ƙaho ya kauce, nan kun burge ni. Ya sake hura usur, wasu su shigo. Ƙungiyar da ta ci kofin ƙasa sau da yawa da ta yaran ƙauyen da ke maƙwabtaka, a fili ɗaya suke tsayawa, kunne ɗaya ke saurarensu. Ba ɗan wane, ba wanda ya zo da takarda daga sama. Na daɗe ina aikin koyarwa, na zauna a teburin alƙalan gasar muhawara da ta kacici-kacici, na kuma san yadda ido ke rinjayar kunne idan ka ga rigar makarantar da ka fito. Turawan nan ba su fi mu tsoron Allah ba. Sun dai san halin ɗan Adam, sai suka sa masa labule.

Sautin kansa ya ba ni mamaki. Na zo da tsammanin ƙarar begila mai tsaga kunne, sai na ji wani abu mai taushi da kauri, ƙananan ƙahoni na tafe a sama, manyan na gurnani a ƙasa har kana jin su a ƙirjinka. Daga baya aka yi mini bayani cewa yawancin ƙahonin nan bututunsu yana buɗewa ne a hankali tun daga wajen baki har ƙarshe, shi ya sa muryarsu ke fita a dunƙule. Suna iya sauke sautin ya koma kamar raɗa, mutum ashirin da biyar suna busa amma kana jin kukan tsuntsu a kan bishiya, sannan su ɗaga shi gaba ɗaya a numfashi guda.

Kusa da ni wani dattijo ne riƙe da babban ƙahon da suke kira tuba, ya rungume shi da hannu biyu, gashin kansa fari fat. Takardar kiɗansa 'yar ƙarama ce, an maƙale ta a jikin ƙahon da wani ɗan ƙarfe, an sa ta a leda saboda ruwa. Duk inda ya sami sarari sai ya danna wani ɗan maɓalli ya zubar da ruwan numfashin da ya taru a bututun, ya mai da baki. A ɗaya gefen da'irar wata yarinya ce da ba ta wuce shekara goma sha uku ba, da ɗan ƙaramin ƙaho. Aka zo wani wuri da kowa ya sassauta aka bar ta ita kaɗai. Ina ganin gwiwarta na rawa, amma sautin bai yi rawa ba. Da ta kai ƙarshe dattijon ya ɗaga mata gira ta saman tubarsa, bai ce komai ba. Mutanen da ke kewaye, da yawansu da kofin giya a hannu, sun yi tsit har sai da aka gama. Suna gamawa kuwa ba su tsaya jin yabo ba, suka ruga mota. Ƙauye goma sha ɗaya ne ke gasa a Saddleworth a daren, kuma ƙungiyar da ke neman babbar kyautar yankin sai ta busa a shida aƙalla. Saboda haka rabin gasar ta direba ce da mai lissafin inda layi bai yi tsawo ba.

Ruwa ya sauko wajen ƙarfe takwas, ga rana ba ta faɗi ba, don a wannan lokaci magariba sai bayan tara. Ba wanda ya motsa. Na sa rigar sanyin, ɗan nawa ya kau da kai yana murmushi.

Tsarin abin ba na wasa ba ne. Cikakkiyar ƙungiya masu busa ashirin da biyar ne, ban da masu ganguna: ƙananan ƙahoni da ake kira konet guda goma, tuba huɗu, tirombon uku, sauran kuma masu matsakaiciyar murya. In ka cire tirombon, duk maɓallan da ake dannawa iri ɗaya ne, rubutun kiɗan ma iri ɗaya, don haka yaron da ya koyi konet zai iya komawa babban ƙaho in ya girma ba sai ya sake karatu daga farko ba. Wannan dabara ce ta sa leburori suka iya koya wa junansu. Ƙungiyoyin ƙasar an kasa su rukuni biyar, ana hawa ana faɗowa, yadda ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Wikki Tourists ke hawa babban rukuni ta faɗo ta sake hawa, da irin wannan ciwon rai ga magoya baya. Ana gasar shiyya-shiyya a farkon shekara, waɗanda suka yi fice a babban rukuni su haɗu a zauren Royal Albert Hall na Landan a watan Oktoba. Akwai kuma wata tsohuwar gasa, British Open, wadda aka fara a Belle Vue ta Manchester a 1853, yanzu ana yin ta a Birmingham. A waɗannan manyan gasa ma alƙalai a cikin akwati mai labule suke zama.

Asalin abin daga masaƙu da ramukan kwal ne. A ƙarni na 19, lokacin da arewacin Ingila ke saƙa wa duniya tufafi, masu masana'antu suka ga cewa lebura mai zuwa gwajin busa da yamma ya fi sauƙin sha'ani a kan mai zuwa mashaya ko taron 'yan ƙwadago, ga shi kuma in ƙungiya ta ci kofi sunan kamfani ne ke tafiya. A 1855 wani mai masaƙa, John Foster, a garin Queensbury kusa da Bradford, ya saya wa ma'aikatansa ƙahoni da inifam. Ƙungiyar ita ce Black Dyke, kuma har yau tana cikin waɗanda ake tsoro a duniya. Wasu kuma ba su jira mai kuɗi ba. Brighouse and Rastrick, waɗanda na gani da idona a Delph cikin riguna masu ruwan shunayya da zinariya, mutanen gari ne suka kafa su da karo-karo a 1881, kuma da karo-karo da kuɗin wasanninsu suke rayuwa. An ce da farko ƙungiya ce ta masu ƙyamar giya. Da na dubi abin da ke hannun masu tafa musu a daren nan, na ce lallai zamani riga ne.

Labarin da kowa ke ba baƙo shi ne na Grimethorpe, wani ƙauyen masu haƙar kwal kusa da Barnsley. An kafa ƙungiyar busarsu a 1917, 'yan ramin ne ke busawa, ramin ne ke ɗaukar nauyinta. Suka sha wuyar babban yajin aikin 1984 zuwa 1985, wanda aka shekara ana yi tsakanin ƙungiyar ma'aikatan kwal ta Arthur Scargill da gwamnatin Margaret Thatcher, ma'aikata suka koma aiki ba su sami abin da suke nema ba. Ranar 13 ga Oktoba 1992 minista Michael Heseltine ya ba da sanarwar za a rufe ramuka 31, mutum kusan 30,000 za su rasa aiki. Grimethorpe na cikin jerin. A cikin makon nan ne ƙungiyar za ta je gasar ƙasa a Royal Albert Hall. Suka je, da yawansu sun san ba su da aikin da za su koma, suka busa ƙarƙashin madugunsu Frank Renton. Alƙalai, waɗanda ba su san ko su wane ne ke busawa ba, suka ba su maki 99 cikin 100. Suka ɗauki kofin. A 1993 aka rufe ramin.

A kan wannan aka yi fim ɗin Brassed Off a 1996, ƙungiyar ce ma ta busa kiɗan da ke cikinsa, an kuma ɗauki wani sashe a Delph ɗin nan da na tsaya. Fim ɗin ya kai sunansu duniya, gayyata ta riƙa zuwa daga ƙasashe. Suka sake cin kofin ƙasa a 2006 da 2007, suka busa a bikin buɗe gasar Olamfik ta Landan a 2012, suka ci British Open a 2015, shekarar da aka rufe Kellingley, ramin kwal mai zurfi na ƙarshe a Birtaniya.

Na matsa wa ɗan nawa sai da ya kai ni Grimethorpe. Ba abin da ya rage na ramin. An baje wurin, an yi tituna, a kewayen kuma manyan ɗakunan ajiyar kaya na kamfanoni ne. Akwai wani abin tunawa da aka rubuta sunayen waɗanda suka mutu a ƙarƙashin ƙasa. Wani tsoho da muka tarar a wurin jiran bas, wanda ya ce ya yi aikin ramin tun yana saurayi, ya amsa mini tambayoyina da wani irin Turanci da sai da ɗana ya riƙa maimaita mini. Yana alfahari da ƙungiyar, ba shakka. Amma ya ce kofi bai biya wa kowa kuɗin haya ba, kuma bayan rufe ramin garin ya ga talauci da shaye-shaye irin wanda bai taɓa gani ba. Ya ƙara da cewa masu busawa a yau ba 'yan rami ba ne, gwanaye ne da ke tukowa daga garuruwa daban-daban.

Gaskiyarsa. Duk wanda ya ce maka busa ta ceci Grimethorpe ya faɗi son ransa. Sunan garin ta hana ya ɓace, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne, amma ba shi ne tuwo ba. Ni a ganina ma manyan ƙungiyoyin nan masu suna ba su ne abin koyi ba. Abin koyin yana wurin ƙananan, irin ta ƙauyen Dobcross da aka kafa a 1875, wadda ke da ɗakin taronta na kanta da ƙungiyar yara a ƙarƙashinta. A irin waɗannan, sau biyu a mako ake haɗuwa gwaji bayan an tashi aiki. Mai gyaran famfo na zaune kusa da likita, malamar firamare kusa da ɗan fansho. Kowa na biyan kuɗin ƙungiya. Ƙahonin mallakar ƙungiya ne, ana ba yaro aro ya tafi da shi gida, in ya bari ya dawo da shi a ba wani. Akwai ma'aji, akwai littafin kuɗi, akwai taron shekara. Da masaƙu suka mutu, ƙungiyoyin da suka dogara kacokan ga mai masaƙa da yawa sun bi shi. Waɗanda suka saba tara sisi da kwabo da kansu su ne suka kai yau. Ko annobar korona, da ta hana gasar Whit Friday a 2020 da 2021, ba ta kashe su ba, a 2022 motocin suka dawo.

A wurinmu kiɗa da busa gado ne. Mai kakaki da mai algaita na fadar Sarkin Bauchi a gidansu suka tashi suka tarar, kuma duk wanda ya ji amon kakaki da safiyar Sallah ya san ba mu da abin jin kunya a gaban kowa a fannin busa. Sai dai mun ɗaure abin da roƙo da liƙi, har ya zama ɗan mutunci ba ya so a gan shi da abin busa a baki. A Delph ban ga an liƙa wa kowa ko fam ɗaya ba, ban ji an yi wa wani mai kuɗi kirari ba. Na san kuma akwai malamanmu da ke da magana a kan kayan kiɗa, ni ba fatawa na zo bayarwa ba, kowa ya bi abin da ya gamsu da shi. Amma badujalar fareti ta daɗe a makarantunmu ba wanda ya ɗaga murya, kuma a idona ta lalace. Makarantar da na koyar a cikinta shekaru masu yawa tana da ganguna da begiloli a sito, fatun sun yage, ƙahonin sun lotse, malamin da ya iya ya yi ritaya ba wanda ya gaje shi. In ranar fareti ta matso sai a yi hayar masu kiɗa, ko a kunna lasifika yara su yi ta taka ƙasa ba tsari.

Mu ma muna da garuruwan da aiki ya gudu ya bari. Wanda ya san Kakuri ta Kaduna lokacin da masaƙu ke aiki dare da rana, ko sansanonin haƙar kuza na Jos da Bukuru inda kakanninmu na ƙasar Bauchi suka je neman kuɗin haraji, ya san abin da tsohon nan na Grimethorpe ke faɗi ba sai an fassara masa ba. Bambancin shi ne su da aikin ya tafi ya bar musu wani abu da suke haɗuwa a kansa duk mako.

Ba kuɗi mai yawa abin ke ci ba in an fara da kaɗan. A Bauchi akwai tsofaffin 'yan badujalar soja da na 'yan sanda da suka yi ritaya suna zaune a gida, sun iya karanta takardar kiɗa, sun iya gyaran ƙaho, kuma da yawansu za su yi murna a ce su zo su koyar. Kirana ga ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai ne, waɗanda kowace shekara ke tara kuɗi su yi fenti a ƙofar makaranta su ɗauki hoto. Wannan karon ku buɗe siton ku ƙirga abin da ya rage, ku gyara mai gyaruwa, ku ɗauki malami ɗaya ku riƙa biyansa da kanku ba tare da jiran ma'aikatar ilimi ba. In makarantu biyar ko shida suka tashi, a sa musu gasa sau ɗaya a shekara, a nemo alƙali daga wata jiha, a zaunar da shi a bayan labule a ba shi usur.